Akwatin Tsare Tsatsa

"Miƙo hannu, Baba. Ban ce ka yarda da ni ba. Taɓa kawai."

"Ba ni taɓawa."

"Ƙarfen motarka na. Da farce na ɓamɓaro shi daga ƙarƙashi, ko guduma ban sa ba."

"Tsohuwar tsatsa ta, wadda taz zo da ita daga ƙasar Turawa. Akwati bai ce zai maido abin da anka riga anka ci ba. Sabuwa shika hanawa."

"To wagga sabuwa ta. Bara babu ta."

"Bara ka shiga ƙarƙashi ka auna?"

Rabilu ya janye hannunsa. Bai shiga ba. Ya dubi ɓawon ƙarfen da ke tafin hannunsa, ya matse shi, ya marmashe kamar ƙanzon tukunya. Ya goge hannun a jikin wando.

Ubansa, Na'Allah, yana zaune a gindin dogon yaron tsakar gida, ya juyo da fuska wajen da yake jin muryar ɗan, amma ta ɗan kauce. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun. Rabin rayuwarsa ya yi shi a kan sitiyarin manyan motocin siminti, daga Malbaza zuwa Yamai, zuwa Maraɗi, zuwa duk inda ake gini. Da hanya ta fara yi masa hazo sai ya sauka da kansa, tun kafin a sauke shi. Abin da aka sallame shi da shi ya zuba a kan wannan mota, Fijo mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa a Ƙonni ke kira bashe. Rabilu kuwa ya faɗi jarrabawar ƙarshen kolej, ya dawo gida da littattafansa a cikin kwali, aka miƙa masa makulli. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Da motar ake ci a gidan, da ita ake sha.

"Ɗaga mini murfi," in ji tsohon.

Kullum haka ne in rana ta yi sanyi. Rabilu ya kama hannunsa ya kai shi gaban motar, ya ɗaga murfin inji, ya tokare. Na'Allah ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa batir. A gefen batirin akwai wani ɗan baƙin akwati da bai kai kwalin sukari ba, da wayoyi sun fito daga cikinsa, da wani ɗan jan haske kamar ƙwayar idon zakara, yana kamawa yana ɗaukewa.

"Ga ta nan," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "Tana aikinta."

Fuskar matarsa ba ya gani. Fuskar Rabilu ba ya gani. Rana ma sai dai ya ji ta a fata. Amma wannan jan ɗigon yana ratsa yanar ya same shi, kuma in ya gan shi sai ya miƙe tsaye kamar wanda aka gaya wa labari mai daɗi.

Balki, uwar Rabilu, tana bakin murhu. Ta dai ƙara wa wuta fifita fiye da yadda take buƙata.

Na'Allah da kansa ya sayo akwatin, a zuwansa na ƙarshe kasuwar Illela ta wancan ƙetaren iyaka, lokacin yana iya bambanta mutum da jaki. Wani mai sayar da kayan mota, Takama, shi ya ɗaura masa. Ya ce Turawa ne suka ƙago shi, yana aika wata siririyar wuta cikin jikin mota, tsatsa ta rasa wurin zama. Ya kuma yi masa kashedi biyu. Na farko, lalle na'urar ta samu ƙasa mai kyau. Na biyu, kada a kuskura a yanke mata wuta ko da na ɗan lokaci, domin tsatsar da take tarewa ba tafiya take yi ba, taruwa take tana jira, kamar ruwa a bayan madatsa. Ranar da aka cire waya, ranar za ta afko gaba ɗaya.

Kashedi na biyun ya zauna daram a kan Na'Allah. Ko batir za a canza, sai an jona sabon kafin a kwance tsohon. Na farkon ne ya tsaya masa a rai bai gane ba. Masu gyaran wutar mota na can, in sun ce ƙasa, jikin motar suke nufi, inda ake ɗaure baƙar waya. A nan mas ake ce mata, kuma mas ɗin ya sani tun yana yaron mota. Bai tambaya ba, don kada yaron kasuwa ya ga kamar tsohon direba bai san abu ba. Takama kuma ya tashi daga rumfar tun tuni, an ce ya koma Legas.

Aikin motar ba na tausayi ba ne. Da sanyi takin zamani take ɗaukowa daga iyaka ta kai wa masu lambu a Galmi. Wani lokacin gishiri. Buhu ya fashe, farin gari ya bi tsagar daɓen baya ya sauka kan ƙarfen da ke riƙe da motar duka, wanda makanikai ke kira shasi. In damina ta zo sai wurin ya yi ta gumi. Rabilu ya tuna wata rana a aji, malaminsu ya jera kofuna a kan tebur, ya jefa ƙusa cikin kowanne, wadda ke cikin ruwan gishiri ta riga sauran yin ja. Abin da ya riƙe ke nan. A kan wutar da ke bin jikin ƙarfe, ba a kai ga koya musu ba ya bar lakwal, wato makaranta. Ya san akwai abin da ba daidai ba game da akwatin. In aka ce ya faɗi mene ne, sai bakinsa ya mutu.

Washegari ya biya wajen Mas'udu mai walda, a bayan tasha. Mas'udu ya yi ƙuruciyarsa yana liƙe ƙarfe a bakin ruwan Kwatano, ya dawo da tari da kuma baki. Ya kwanta a kan kwali ya ja jiki ƙarƙashin motar da ƴar guduma. Rabilu yana ji daga sama. Gaba, ƙarfen yana amsawa tan-tan. Da aka wuce bayan kujerar direba sai ƙarar ta mutu, ta koma kamar ana bugun busasshen ƙoƙo.

"Ɗan lakwal," muryar ta fito daga ƙasa, "wanga ba shasi ba na, biskit na. In kawo shayi?"

"Shina ɗaukar gyara?"

"In an yi yanzu, wataƙila. In an jira, sai dai a yi mata salla." Ya fito yana tofar da jan gari. "Amma ba ni sa wuta jikin mota batir na ɗaure. Sai an kwance."

"Baba ba shi yarda."

"Saboda ɗan akwatin nan mai kashe ido kamar karuwa?" Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ka san abin haushi? Ba ƙarya ba ta duka. A Kwatano na ga ana yi ma jirgin ruwa wani abu mai kama da haka. Curin ƙarfe aka manna mishi a ciki, wasu ma da wuta, kuma shina aiki, da idona na gani. Amma jirgi cikin ruwa shika kwana shi tashi. Ruwan ka ɗaukar wutar shi kai ta ko'ina. Taku bisa roba take tsaye, kan busasshen rairayi. Wa za shi kai mata wuta can baya? Aljani?"

Rabilu ya dawo gida da wannan magana a riƙe kamar wanda ya tsinci abu a hanya yana tsoron kada ya faɗi. Yau dai yana da hujja, kuma ba daga littafi ba, daga bakin wanda ya ga jirgi. Ya jira aka ci tuwo. Ya faɗe ta a hankali, bai ɗaga murya ba, bai rage komai ba: jirgi, ruwa, roba, busasshen rairayi.

Na'Allah ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu. Rabilu har ya fara jin tausayinsa.

Sai tsohon ya daki cinyarsa.

"Allahu akbar! Ƙasa!"

"Mi, Baba?"

"Abin da yaron nan yac ce mini ke nan! Ta samu ƙasa mai kyau. Ni kuma nib bar ta bisa busasshen wuri kamar jaki. Ashe ƙishirwa taka ji. Shi ya sa kag ga ɗan abin da kag gani. Laifina na, ba nata ba." Ya juya wajen ɗaki. "Balki! Ruwa nawa ag ga randa?"

"Baba, ba haka Mas'udu ka nufi ba. Cewa yay yi..."

"Cewa yay yi cikin ruwa tana aiki. Ko ba haka kac ce ba yanzu da bakinka?"

"Haka nic ce, amma..."

"To, Allah shi yi maka albarka. Lakwal ɗinka ta yi rana yau."

Aka kafa guntun rodi a tsakar gida, inda motar ke kwana. Aka ɗaura masa waya, ɗaya bakin a jikin shasi. Kullum in Rabilu ya dawo, sai a jiƙa ƙasar wurin, a ɗaura wayar, sannan a watsa ruwa a cikin motar ta ƙarƙashi, daga gaba har baya, don wutar ta samu hanyar bi.

Ranar farko Rabilu ya ce ba ya yi. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Yana nan ya ji ƙarar bokiti, ya ji jan ƙafa, sannan ya ji abu ya faɗi da nauyi, uwarsa ta yi salati. Ya fito ya tarar da ubansa a durƙushe cikin ruwan da ya zube, yana laluben bakin bokitin, gwiwarsa ta goge a rodin tana jini. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Balki, ɗebo wani."

Ta ɗebo. Ita ta watsa ranar, da kashegari. Ta sunkuya da kwano, bayanta da ke mata ciwo tun haihuwar auta, tana watsawa tana nishi. A rana ta uku Rabilu ya karɓe kwanon daga hannunta.

Ya gwada dabara. Ya riƙa zuba ruwan a ƙasa kawai, da ƙarfi, yadda zai yi ƙara.

"Ban ji ƙarfe ba," in ji Na'Allah daga gindin itace.

"Na watsa, Baba."

"Rairayi ka watsa ma. Ruwa bisa ƙarfe da ruwa bisa ƙasa ba murya ɗaya gare su ba. Idona ya mutu, ba kunnena ba."

Sai ya watsa a ƙarfen. Yana ji ruwan na bugun wurin nan mai ƙarar ƙoƙo, yana gangarowa ja kamar ruwan kanwa da goro, ɗauke da garin takin da ya maƙale. Da safe in ya ja motar, inda ta kwana sai ka ga ɗigo-ɗigon ja a kan ƙasa, a jere, tsawon shasin. Balki takan share da tsintsiya kafin maƙwabta su shigo, ko da yake wanda ake ɓoye wa ba ya gani.

Maƙwabtan sun riga sun ji. A tasha an laƙaba masa suna, mai ban ruwa. "Rabilu, yaushe za ta yi fure?" "In ta haihu a ajiye mini ɗa guda." Yakan yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ta da mota.

Wani lokaci, in ya tsaya jiran lodi, sai ya buɗe murfin shi kaɗai ya zuba wa akwatin ido. Ya taɓa ƙoƙarin leƙa cikinsa ta gefe. An cika shi da wani baƙin abu mai tauri kamar kwalta, ba abin da ake gani. An yi rubutu a jikinsa da Turancin Ingilishi, shi kuwa Faransanci aka koya masa, shi ma ya fara zubewa. Hasken ya kama, ya ɗauke. Ya kama, ya ɗauke. Ba ya gaya maka komai sai cewa batir na da rai.

Sayen wata mota ba zance ba ne. Shekarar ce aka karya darajar sefa, ko taya ta zama abin da ake kwana ana shawara a kai.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, albasar Galmi ta nuna. Motar ta fara wani sabon kuka. In ta hau tudu ko ta faɗa rami sai ta yi wani ƙiiƙ daga tsakiya, can bayan kujera, kamar tsohuwar ƙofa. Rabilu yana jin sa a ƙashin bayansa. Ya daina kunna rediyo don ya riƙa saurara, ya kuma ƙi jinin abin da yake ji.

Wata safiya Balki ta biyo shi har zaure da kokon kunu. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kukan nan da taka yi in ka shigo, ni ma ina jin shi."

"Baba fa?"

"Ya ce sifirin na, a zuba mai." Ta dubi ƙasa. "Kai ta wajen mutumin nan."

"Sai an cire waya, Inna."

"Ni ban san waya ba. Na san ɗa guda gare ni da ka shiga cikinta kullum." Ta karɓi kokon tun bai gama sha ba. "Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Tafi."

Mas'udu bai yi ba'a ba ranar. Ya leƙa, ya fito, ya girgiza kai.

"Ka zo da ita tun sa'adda nic ce?"

"Ga ta dai yanzu."

"Mi kuka yi mata? Kamar an jiƙa ta cikin tafki."

Rabilu ya ɗauki sifana ya je gaban motar. Da kansa ya kwance kan batirin. Ya san maganar Takama ƙarya ce. Ya faɗa wa ubansa ƙarya ce, ya faɗa wa kansa sau ba adadi a kan hanya. Duk da haka, da jan hasken ya ɗauke bai dawo ba, sai tsoro ya kama shi. Ya tsaya yana kallon ƙaramin baƙin gilashin. Har ya kama kansa yana kasa kunne, ko zai ji wani abu na tahowa cikin ƙarfen.

Aikin ya ci safiyar duka. Duk inda Mas'udu ya ɗora wuta sai wurin ya huje.

"Kamar ɗinkin tsumma," ya ce ta bayan baƙin gilashinsa. "Ka kama nan, can ta yage." A ƙarshe ya samu inda ya ɗan riƙe, ya liƙa faci dama da hagu. "Na yi abin da nika iyawa. Rabin lodi, ɗan lakwal. Ka ji ko? Rabi."

Rabilu ya mayar da waya. Hasken ya dawo yana ƙifce-ƙifcensa, kamar ba a yi komai ba. Da yamma Na'Allah ya sunkuya ya gan shi, ya ce, "Ga ta nan." Aka watsa ruwa, har kan sabon facin.

A Galmi lokacin albasa ba mai ba ka rabin lodi. In ka ce rabi, sai a kira na bayanka. Ya yi sawu na farko cike, ta kai. Na biyu ma ta kai. Kukan ya ragu, har ya fara tunanin ko sun tsira.

Ranar da abin ya faru, wata ƴar kasuwa ce ta ɗauke shi, Ladi, mace mai jiki da yawan magana, ta zauna gaba da jakarta a cinya tana ba shi labarin surukinta. Buhunan albasa sun haura kan ƙarafan baya, an ɗaure da igiya. Hantsi ya yi. Sun wuce Malbaza, hayaƙin gidan siminti na bayansu, Tsarnawa na gaba. Akwai wani kwari da ruwa ya ci a kwaltar, ya san shi, ya rage gudu har kamar mai tafiya a ƙasa. Tayoyin gaba suka shiga suka fita. Na baya suka shiga.

Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Ɗas, kamar an karya rake a gwiwa. Sai kujerar ta kwanta da su baya, gaban motar ya ɗaga yana kallon sama, kan lodin ya zo ya jingina da rufin. Igiya ta tsinke. Albasa ta bi kwalta tana gangarawa.

"La'ilaha illallahu," in ji Ladi. "Yaro, motarka ta durƙusa kamar raƙumi."

Ba wanda ya ji ciwo. Ya fito, ya zagaya ya buɗe mata, ya kwanta a kan kwalta mai zafi ya leƙa. Facin Mas'udu na nan lafiya lau, dama da hagu. Ɗan taƙi kaɗan bayansa ne ƙarfen ya rabu biyu. Bakin karayar ba shi da ko ɗigon fari, ja ne har ciki, sala-sala kamar ganyen littafin da ruwa ya taɓa.

Wata motar siminti ta zo wucewa, ta taka albasar, warin ya tashi ya shiga ido. Direban ya rage gudu ya leƙo.

"Ba bashen Na'Allah ba ta wagga?"

"Ita ta."

"Subhanallahi. A gaida tsoho." Ya wuce.

Ladi tana tsakiyar hanya tana tare albasa da zanenta, tana kiran yaran ƙauye da suka sheƙo, rabi tana roƙo rabi tana zagi. Rabilu ya kamata ya taya ta. Maimakon haka sai ya je ya ɗaga murfin inji. Ga shi nan. Ya kama, ya ɗauke. Ya kama, ya ɗauke.

Sai bayan azahar aka samu wata mota ta kwashe kayan Ladi. Aka aika wa Mas'udu, ya zo a bayan babur da sarƙa da ƙarafa. Suka ɗaga tsakiyar da jak, suka ɗaure mata ƙarfe kamar ɗorin karaya, wata tarakta ta ja su a hankali har Ƙonni. Rabilu yana ciki riƙe da sitiyari, ba abin da yake tuƙawa. Mutanen da ke gefen hanya suna tsayawa suna kallo. A tasha ba wanda ya ce mai ban ruwa.

Rana ta yi ja lokacin da suka turo ta cikin gida. Balki ta riga ta jiƙa wurin, kamar kullum. Ta tsaya da kwanon a hannu, ta dubi motar, ta dubi ɗanta daga kai har ƙafa, ta ga ba jini, ta sauke numfashi.

Na'Allah ya miƙe tun da ya ji ƙarar sarƙa.

"Ba da injinta taz zo ba."

"A'a, Baba."

"Kai lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina ta karye?"

"Tsakiya."

"Ɗaga mini murfi."

Ya ɗaga. Tsohon ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye, jan ɗigon na haska farin da ke cikin idonsa yana ɗaukewa. Wannan karon bai ce ga ta nan ba. Ya miƙe, ya dafa jikin motar, ya bi ta da hannu, ƙofa, bayan ƙofa, har inda ta lotsa. Nan ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar da farar rigarsa. Ya tura hannu ƙarƙashi.

Mas'udu, da ke tsaye bakin zaure yana jiran sarƙarsa, ya gyara tsayuwa.

Yatsun suka sami bakin karayar. Suka murza, garin ya zubo. Suka daɗe a wurin suna murzawa, kamar mai duba hatsi a kasuwa. Sannan suka matsa gaba kaɗan, suka hau kan wani abu mai santsi, mai kauri, da ƙulle-ƙullen walda a gefensa. Suka bi layin waldar daga farko har ƙarshe. Suka dawo suka sake bi.

Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan mota ya san sabuwar walda. Ya kuma san ba mai waldar da ke sa wuta a jikin mota batir na ɗaure.

Rabilu ya jira tsawa. Ya ma so ta zo. Da ta zo da ya samu abin da zai tsaya a kai, ya faɗi maganar ƙusa da ruwan gishiri, ya faɗi duk bokitan da aka watsa. Bakinsa cike yake da su. Amma tsohon bai ɗaga murya ba. Ya zaro hannun, ya zauna dirshan a cikin laka, tafinsa ja da tsatsa, ya ɗora shi a gwiwa a buɗe. Ya yi ƙanƙanta a wurin. An fara kiran magariba a masallacin unguwa, ba wanda ya motsa. Balki ta kifa kwanon a kan randa a hankali don kada ya yi ƙara. Mas'udu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na'Allah ya juyo da fuska wajen ɗansa, ta ɗan kauce kamar kullum. Muryarsa ba ta faɗa ba ce. Tambaya yake yi, da gaske yana son ya sani.

"Rabilu. Kai da kay yi lakwal, gaya mini tsakaninka da Allah. Da ba ku cire mata waya ba ranar nan, da ta karye?"